Dare na Uku a Gado na Tara

Ran Litinin aka kawo shi, ƙugu a karye,
santsin ƙanƙara ya kayar da shi a tashar jiragen ruwa ta Klaipeda.
Steponas, mai walda, shekara sittin ba biyu.
Na tambaye shi yadda nake tambayar kowa:
"Kana sha?"
Ya ce, "Jefi-jefi, ran biki."
Na rubuta jefi-jefi.
Takarda ba ta da hanci.

Talata, cokali ya fara kiɗa a jikin kofi.
Shayi ya zube, ya ce sanyi ne.
Sanyi, alhali gumi ya jiƙa matashi sharkaf.
Na ce miƙo hannuwa. Ya miƙo,
yatsu goma suna rawa ba makaɗi.

'Yarsa Giedre ta tare ni a bakin matakala,
murya ƙasa-ƙasa, ido a kan takalmi:
"Kwalba guda ce kullum, tun rasuwar mama.
Kada ki ce ni na faɗa."
Ban ce ba.
Na soke jefi-jefi, na kira likita.

Dakta Norvaisa ba ta wa'azi.
Ta ce, "Bitamin tukuna, kafin ruwan sukari,
kada garin gyaran gangar jiki a ƙone ƙwaƙwalwa.
Maganin kwantar da jijiya kuwa, gwargwadon maki.
Ki duba shi duk awa."
Duk awa: bugun jini, makyarkyata, tashin zuciya,
ka san inda kake? Yau wace rana?
Na tara lissafi a gefen kati.
In ya haura, allura. In ya sauka, haƙuri.
Ka zarce, numfashi ya yi barci ya ƙi tashi.
Ka gaza, farfaɗiya ta faɗo ba sallama.
A siririn tsakanin nan muke takawa.

Dare na uku, ƙarfe biyu da kwata,
ya ce kifaye na ɓullowa daga bango,
ƙanana, masu haƙoran ƙusa, suna hawa bargo.
Ya fizge robar ƙarin ruwa, jini ya ɗiga a takalmina.
Ya kira ni Birute.
Ba sunana ba ne. Na san mai shi,
shekara huɗu ke nan tana ƙarƙashin ƙasa.

Ban yi masa musun kifi ba,
ban kuma taya shi kora ba.
Na ƙara hasken fitila, na sauke gado ƙasa-ƙasa,
na ce, "Steponas, nan asibiti ne. Ni ce Ramune.
Alhamis ta shigo. Ƙugunka ne ya karye."
Na faɗa sau bakwai, ko tara, na daina ƙirga.
Ba mu ɗaure shi ba.
Na jawo kujera.
Zama ma magani ne, ko da kati bai da gurbinsa.

Allura ta biyu. Ta uku.
Zuciyar da ke sukuwa a ɗari da talatin
ta koma sassarfa, ta koma tafiya.
A Janairu gari ba ya saurin wayewa a nan,
dusar ƙanƙara na ta lasar taga.
Wajen ƙarfe biyar kifayen suka koma bango.

Asabar ya riƙe kofi da hannu ɗaya,
bai zubar ba sai ɗigo biyu.
Ya ce, "Me na faɗa a daren nan?"
Na ce, "Hirar kifi ka yi."
Ya dubi silin, kunya ta cika masa ido.
Na ce, "Ciwo ne, ba shari'a ba. Nan ba kotu."

Na ba shi 'yar takarda mai lambar waya,
masu haɗuwa duk Talata a ɗakin ƙasan coci.
Ya ninke ta huɗu, ya cusa a gidan tabarau.
Ko zai kira, ban sani ba.
Kwalba na nan a kantin kwanar gidansu,
ta fi ni haƙuri, kuma ba ta tashi daga aiki.

Na canja zanen gado.
Gado na huɗu ya danna ƙararrawa.